Ko Bitamin Yana Hana Ciwon Dajin Maƙoshi?

Jama'a, duk wanda ke zuwa kasuwar ƙauye ya san masu tallar magani. Za ka gan su da lasifika da akwati cike da kwalabe. Cikin abin da suka fi tallatawa akwai maganin bitamin. Su ce yana ƙara jini, yana ƙara ƙarfi, yana sa cin abinci. Wasu ma har cewa suke yi yana hana ciwon daji. Mutane kuwa suna saye. Wani sai ya sayar da tiya biyu ta gero ya sayi kwalba ɗaya.

To, shin gaskiya ne bitamin yana hana ciwon daji? A wannan wata za mu ɗauki ciwon daji iri ɗaya, wato na maƙoshi, mu duba. Mun zaɓe shi ne domin an taɓa gwada wannan magana a kansa, gwaji babba, a kan mutanen karkara manoma kamarmu. A ƙasar Sin aka yi gwajin. Abin da aka gano zai amfani aljihunku da tukunyarku.

Mene ne maƙoshi?

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san akwai bututu biyu a wuyansa. Na gaba mai tauri ne, yana da zobe-zobe na guringuntsi. Ta nan iska ke bi zuwa huhu. Na bayansa mai laushi ne, kamar tsoka. Ta nan abinci da ruwa ke bi su sauka cikin tumbi. Wannan na biyun shi muke nufi da maƙoshi a wannan bayani. Haka yake a jikin mutum. Tsawonsa a jikin babba ya kai santimita 25, wato ya ɗan fi taƙi ɗaya.

Jikinmu an gina shi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kullum tsofaffi suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, a kan tsari. Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana farawa ne idan wasu ƙwayoyi suka lalace suka bar tsari. Sai su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari. Idan a maƙoshi ƙarin ya fito, sai hanyar abinci ta yi ta tsukewa. Da fari nama da tuwo ne za su riƙa tsayawa a ƙirji. Daga baya kunu ma ya gagara. A ƙarshe ko miyau ba ya wucewa. Mutum ga abinci a gabansa, ga yunwa, amma ba hali.

Ba a ɗaukar wannan ciwo daga wani. Ba jifa ba ne, ba kuma sammu ba. A shekarar 2022 an ƙiyasta cewa mutum 511,000 ne suka kamu da shi a duniya, kuma 445,000 suka mutu. Kun ga ke nan ciwo ne mai kisa ƙwarai. Dalili shi ne ba a cika gane shi da wuri ba.

Aikin bitamin a jiki

Bitamin wasu sinadarai ne da ke cikin abinci. Ba su ƙosar da mutum kamar tuwo. Kaɗan jiki ke buƙata, amma in babu su aiki ba ya tafiya. An ba su sunaye da baƙaƙen boko: A, B, C, D, E da K. Shi B ɗin gida guda ne mai 'ya'ya da yawa, kamar B1 da B2 da B3.

Ga misalin da zai sa a gane. Cikin maƙoshi akwai wata fata mai laushi, irin wadda ke cikin kumatu. Ita ce kamar yaɓen katanga. Duk abin da muka haɗiya yana gogar ta: mai zafi, mai kaushi, mai yaji, hayaƙi. Kullum tana zaizayewa, kullum jiki yana sake yaɓe. Bitamin A da B2 da B3 suna cikin kayan wannan yaɓe. Akwai wani ɗan gidan B mai suna folet, wanda ke cikin ɗanyen ganye da wake. Shi yana taimaka wa sababbin ƙwayoyi su fito daidai, ba kuskure. Bitamin C da E kuma suna rage ɓarnar da guba ke yi wa ƙwayoyin. Katangar da ruwa ke duka kowace damina, ba a kuwa yaɓe ta, kun san ƙarshenta.

Wasu alamun ƙarancin bitamin mun san su, sai dai ba mu san sunan abin da ya kawo su ba. Dundumi, wato rashin gani da magariba, ƙarancin bitamin A ne ke kawo shi. Tsagewar gefen baki da jan harshe sau da yawa ƙarancin B2 ne. Dasashi mai zubar da jini kuma yana iya zama ƙarancin C.

Labarin Linshiyan

A lardin Henan na ƙasar Sin akwai wata gunduma a gindin duwatsun Taihang. Da ana kiranta Linshiyan. A 1994 aka sauya mata suna zuwa Linjo. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin ruwa. Saboda tsananin wahalar ruwa, daga 1960 zuwa 1969 mutanen wurin suka fasa duwatsu, yawanci da hannu, suka haƙa wata doguwar hanyar ruwa da ake kira Magudanar Jar Tuta.

Amma akwai abin da ya fi ƙishirwa damunsu. Tun kaka da kakanni suna fama da wata cuta da suke kira cutar wahalar haɗiya. Da likitoci suka shiga ƙauyukan suka yi ƙidaya, sai suka tarar ciwon daji ne na maƙoshi da na bakin tumbi. Yawan masu mutuwa da shi a Linshiyan ya ninka na sauran ƙasar Sin wajen sau 10. Ya ninka na Turawan Amurka wajen sau 100. Har kajin gidajen wurin an ba da rahoton samun irin wannan ƙari a maƙoshinsu.

Abin ya ɗaure wa likitoci kai. A ƙasashen Turai taba da giya ne manyan masu kawo wannan ciwo, kuma maza ya fi kamawa nesa ba kusa ba. A Linshiyan kuwa ba a shan giya sosai. Matan wurin kusan duk ba sa shan taba. Amma ga shi ciwon yana kashe mata kusan kamar yadda yake kashe maza. Ashe akwai wani dalili dabam. Sai aka juya aka duba kwanon abincinsu.

Abincin nasu hatsi ne zalla: masara, da wani irin gero, da alkama, da dankali. Nama da ƙwai sai jifa-jifa. 'Ya'yan itatuwa kaɗan ne. Lokacin sanyi, wata da watanni, ba ɗanyen ganye. Abin da suke haɗawa da hatsin shi ne ganyen da aka jiƙa a cikin randa ya yi tsami, sau da yawa har fumfuna ta rufe samansa. Da aka auna jininsu, sai aka ga mafi yawansu suna da ƙarancin bitamin B2. Bitamin A da C da E ma sun yi ƙasa. Haka nan wani sinadari da tsiro ke samu daga ƙasa, mai suna seleniyam.

Nan fa masana suka ce, to, tunda ga ƙarancin bitamin ga kuma ciwo, bari mu ba su bitamin ɗin mu gani.

Babban gwaji

Likitocin ƙasar Sin suka haɗa kai da Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka. Suka ɗauki mutum 29,584, maza da mata, masu shekara 40 zuwa 69. Daga watan Maris na 1986 zuwa watan Mayu na 1991 kowa yana shan ƙwaya kullum. Shekara biyar ke nan da 'yan watanni. Ma'aikatan lafiya na ƙauyuka ne ke raba ƙwayoyin wata-wata.

Ba iri ɗaya aka ba kowa ba. An shirya haɗi huɗu. Na farko bitamin A da sinadarin zink. Na biyu B2 da B3. Na uku bitamin C da wani sinadari. Na huɗu bitamin E da seleniyam da bita-karotin, wato abin nan da ke sa karas da manja su yi ja, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. An raba mutane ta hanyar ƙuri'a. Wasu ma ƙwayar da aka ba su ba kome a cikinta. Mai sha bai san irin tasa ba. An yi haka ne don kada son rai ya shiga lissafi. Manomi zai gane wannan dabara. In kana so ka san ko taki yana aiki, sai ka zuba wa wasu kunyoyi ka bar wasu, a gona ɗaya, a damina ɗaya.

Cikin shekarun gwajin mutum 2,127 suka mutu. Kusan ɗaya cikin kowane uku, ciwon dajin maƙoshi ko na tumbi ne ya kashe shi. A 1993 aka bayyana sakamako.

Haɗi uku na farko ba su nuna wani bambanci a fili ba. Na huɗu ne ya yi abin kirki. Waɗanda suka sha shi, mutuwa a cikinsu ta ragu da kashi 9 cikin 100. Wato inda da mutum 100 za su mutu, sai 91 suka mutu. Mutuwa ta ciwon daji ta ragu da kashi 13. Ta ciwon dajin tumbi ta ragu da kashi 21. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma shi ciwon maƙoshi, wanda dominsa aka ɗauki duk wannan wahala, kusan bai motsa ba.

A lokaci guda an yi wani gwaji na biyu a wurin. An zaɓi mutum 3,318 waɗanda awo ya nuna fatar maƙoshinsu ta riga ta fara lalacewa, amma ba ta kai ga zama ciwon daji ba. Rabinsu aka ba su ƙwaya mai ɗauke da bitamin da sinadarai har iri 26, shekara shida. Nan ma ba a ga raguwar da za a kafa hujja da ita ba.

Likitocin ba su tattara kayansu sun tafi ba. Sun ci gaba da bin mutanen bayan an daina ba da ƙwaya. A 2009 suka fitar da wani sakamako, kuma a ganinmu shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Sun raba mutanen gida biyu bisa shekarunsu a farkon gwaji. Cikin waɗanda ba su kai shekara 55 ba, haɗi na huɗu ya rage mutuwa ta ciwon maƙoshi da kashi 17 cikin 100. Cikin masu 55 zuwa sama kuwa, sai mutuwar ta ƙaru da kashi 14. Ƙwaya ɗaya, ta taimaki wannan, ta ƙi wancan.

Me ya kawo haka? Abin da masanan suke zato shi ne, wannan ciwo yana ɗaukar shekaru masu yawa yana ginuwa a ɓoye. Wanda fatarsa ba ta riga ta lalace ba, bitamin na iya tsare ta. Wanda kuwa ciwon ya riga ya kafu a jikinsa, an makara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

An sake dubawa bayan shekara 25 da gama gwajin, aka buga a 2018. Amfanin haɗi na huɗu ya riga ya gushe. Sai dai an ga 'yar raguwa, wajen kashi 8 cikin 100, a mutuwar ciwon maƙoshi cikin waɗanda suka sha B2 da B3. Wato shan ƙwaya na shekara biyar, bayan mutum ya manyanta, bai goge yunwar shekara arba'in ba.

A yau ciwon ya ragu a Linjo in aka kwatanta da wancan lokaci, ko da yake har yanzu yana nan. Abin da ya sauya shi ne rayuwar mutanen. Sun sami ruwa mai kyau. Suna cin ɗanyen ganye da ƙwai da nama fiye da da. Sun rage cin abinci mai fumfuna. Ana kuma duba maƙoshinsu tun kafin su ji ciwo.

Ƙwaya tana iya cutarwa

Kada wani ya ce, to ai ko ba ta yi amfani ba, ba za ta cuce ni ba. Ga abin da ya faru a ƙasar Finlan, a arewacin Turai. An ɗauki maza 29,133 masu shan sigari. Wasu aka ba su ƙwayar bita-karotin mai ƙarfi kullum, da fatan za ta kare su daga ciwon dajin huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga ciwon ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin masu shan ƙwayar. Wani gwaji a Amurka ya nuna irin haka, har aka tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa ya cika.

Ku lura da bambancin. Mutanen Linshiyan suna da ƙarancin bitamin. Na Finlan aka ba su mai yawa, ga kuma taba. Ba a taɓa samun cewa cin karas ko kabewa ko zogale ya jawo wa wani irin wannan ba. A cikin abinci, bitamin yana zuwa ne daidai gwargwado, tare da wasu abubuwa masu amfani da ba su cikin kwalba.

A nan sai mu ja kunne, don kada a juya mana magana. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu ciki a wurin awo, da ɗigon bitamin A da ake ba ƙananan yara, waɗannan dabam suke. An tabbatar da amfaninsu. Wanda likita ya auna ya rubuta masa bitamin, shi ma ya sha. Maganarmu a kan wanda zai saya da kansa ne a kasuwa, wai don ya tsere wa ciwon daji.

Ba abinci kaɗai ba ne

Gaskiyar magana, hujjar da ake da ita a kan taba da giya ta fi ta bitamin ƙarfi. Waɗannan biyun babu sauran gardama a kansu. Sigari, da tabar da ake sawa a baki, da burkutu, da ogogoro, da giyar kwalba, duk suna cin fatar maƙoshi. Wanda ya haɗa taba da giya, haɗarinsa ya ninka na wanda ke shan ɗaya. Babu yawan zogalen da zai wanke wannan. A kan ganye da 'ya'yan itatuwa kuwa, abin da bincike da yawa ya nuna shi ne masu cin su a kai a kai sun fi tsira daga ciwon. Masana suna ɗaukar wannan alama ce mai kyau, amma ba su sa ta a sahu ɗaya da maganar taba da giya ba.

Sai kuma zafi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu masu son koko da kunu da shayi suna tururi. A lardin Golistan na arewacin Iran ciwon maƙoshi ya yi yawa kamar a Linshiyan. Su ma a da ba su cika samun ganye da 'ya'yan itatuwa ba. Ga su kuma da shan baƙin shayi mai tsananin zafi. An bi mutum fiye da 50,000 a can, wajen shekara goma, har ana auna zafin shayin da suke sha. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna cewa mai shan shayi mai zafi sosai, kimanin cikin kwalbar lemo biyu ko fiye a rana, haɗarinsa ya kusa ninka na sauran. Wani bincike na 2009 a wurin ya gano cewa masu kurɓa kafin minti biyu da zubawa sun fi masu jiran minti huɗu shiga haɗari, wajen sau biyar. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha mai tsananin zafi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna kawo wannan ciwo. Ba shayin ne mai laifi ba, ƙunar ce. Mai shayin da ke ɗaga kofi sama yana juye shi cikin wani kofin har ya huce, ashe taimakon ku yake yi. Ku bar shi ya gama.

A nahiyarmu ta Afirka, ciwon ya fi yawa daga Habasha da Kenya, zuwa Tanzaniya da Malawi, har gabashin Afirka ta Kudu. A yawancin waɗannan wurare tuwon farar masara ne abincin safe da dare. Masara abinci ce mai kyau, amma bitamin B3 da ke cikinta a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. An ga haka ƙarara a Malawi a 1990. 'Yan gudun hijira daga Mozambik suna karɓar garin masara da gyaɗa. Da gyaɗar ta yanke na wasu watanni, mutum fiye da 18,000 suka kamu da cutar ƙarancin B3. Fatar wuya da ta hannu ta yi baƙi ta yi kaushi, ga zawo, wasu har da ruɗewa. Wannan cuta ba ciwon daji ba ce. Mun kawo ta ne don ku ga abin da 'yar gyaɗa ke tsarewa. Masana suna zargin cewa irin wannan cin masara zalla, da gubar fumfunar da ke kama masarar da ba ta bushe ba, da hayaƙin itace a ɗakin girki, da giyar gida, suna cikin abin da ya sa ciwon maƙoshi ya yi yawa a can.

Mu fa, ina muka tsaya?

Ƙididdigar duniya ta sa Afirka ta Yamma cikin wuraren da wannan ciwo bai yi yawa ba. Abin farin ciki ne. Amma kada mu saki jiki. Mutane da yawa a karkara suna rasuwa a gida ba tare da likita ya gan su ba, saboda haka ba su shiga lissafi. Ban da haka, abincinmu yana sauyawa. Masara ta shiga gonakin da a da gero da dawa ne. Itatuwan kuka da ɗorawa da ɗinya da kanya suna ƙarewa a wurin masu gawayi. Gidaje da yawa, daga tsakiyar rani zuwa bazara, tuwo ne da miyar busasshiyar kuka safe da dare, ba wani abu ɗanye. Wannan ya yi kama da kwanon Linshiyan fiye da yadda za mu so.

Abin da ya bambanta mu da su shi ne, mu maganin yana bayan ɗaki. Zogale, rama, alayyahu, tafasa, lalo, yakuwa da ganyen wake suna da bita-karotin da folet. Kabewa, karas, manja, mangwaro, gwanda da dankali mai jan ciki suna ba da bitamin A. Gwaiba ta fi lemon zaƙi bitamin C sau uku ko fiye. Garin 'ya'yan kuka, wanda yara ke tsotsa, ana kuma dama shi da nono, shi ma ya fi lemo. Nono da ƙwai da hanta suna da B2. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da wake da kifi suna da B3. Gyaɗa da riɗi suna da bitamin E. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan tumatir da albasa, wanda wasu ke rainawa suna cewa abincin talaka ne, ya tara kusan duk abin da aka rasa a Linshiyan. Ɗan man da ke cikin ƙuli-ƙulin ma aiki yake yi, domin bita-karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana. Wato kamar cikin tafin hannu biyar. Mun san ba kowane gida ne zai iya haka kullum ba, balle da rani. Amma gidan da ke cin ɗaya yana iya kaiwa biyu. Zogale uku a bayan gida, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, sun isa su ba da ɗanyen ganye har cikin bazara.

Sau da yawa kuma bitamin ɗin yana zuwa gida, a wurin girki ne muke kashe shi. Iyayenmu mata, wannan taku ce. Ganyen da aka tafasa ya daɗe a wuta, aka kuma zubar da ruwan, rabin amfaninsa ya bi ruwan. A sa ganye daga ƙarshe, ya ɗan yi laushi a sauke. Kanwa in ta yi yawa a miya tana kashe bitamin C da wasu na gidan B. Kuka da kuɓewa da zogalen da za a adana, a shanya su a inuwa inda iska ke bi, domin rana tana cinye bitamin ɗin ganye. Ganyen da ya bushe yana kore shar ya fi wanda ya koma ruwan ƙasa. Nono ma hasken rana yana lalata B2 ɗin da ke cikinsa, saboda haka faifan da ake rufe ƙwarya da shi ba don ƙuda kaɗai yake aiki ba. Surfe kuma, in an cika shi, yawancin bitamin B yana tafiya cikin dusa. Akuya ta ci mai kyau, mu mu ci saura. Masarar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko tana wari, a tsince ta a zubar. Kada a ce za a niƙa a haɗa da mai kyau.

Tunda gwajin ƙasar Sin ya nuna cewa farawa da wuri ne ke da amfani, to yara ne ya kamata a fi kula da su. Yaron da ya hau mangwaro ko ya tsinko magarya, abinci ya samo. A gidaje da yawa mai gida ake zuba wa nama da ƙwai, yara su sami romo. Wannan rabo yana bukatar gyara.

In haɗiya ta fara wuya

Wanda ya ji abinci yana tsaya masa a ƙirji, yau da gobe, har mako biyu ko uku, ya tafi asibiti. Musamman in ya wuce shekara 40, ko yana ramewa ba dalili, ko yana jin zafi in ya haɗiya, ko muryarsa ta dushe ta ƙi komawa. Mai fama da ƙwannafi shekara da shekaru shi ma ya je a duba shi, domin ruwan tsamin da ke tasowa daga tumbi yana iya ƙona ƙasan maƙoshi, ya kawo wani nau'in ciwon. A wannan mataki babu bitamin, na kwalba ko na ganye, da zai narkar da ƙari. Kada a ɓata wata shida ana jiƙe-jiƙe. Kada kuma a kai wa wanzami ya yanke beli, domin matsalar tana can ƙasa inda aska ba ta kaiwa.

Ba duk wahalar haɗiya ce ciwon daji ba. Akwai wasu cututtuka masu sauƙin magani da ke kawo ta. Awo ne kaɗai zai raba. A manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa, akwai wani siririn bututu mai fitila da kyamara a bakinsa. Ana fesa wa mutum maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura bututun, likita ya ga cikin maƙoshi da idonsa. Ba a yanka, kuma yawanci bai wuce minti goma sha biyar ba. Ana zuwa ne ba a ci kome ba tun dare. In ƙaramin asibitin garinku ba shi da wannan na'ura, ku roƙi takardar turawa zuwa babba.

Da irin wannan bututu ake duba mutanen Linjo a yau, tun suna da lafiyarsu. Likita yakan fesa ruwan aidin a cikin maƙoshi. Fata mai lafiya sai ta rine ta yi duhu. Wurin da ya fara lalacewa kuwa sai ya ƙi rinuwa, ya fito fari. In an same shi yana ƙarami, ta cikin bututun nan ake kankare shi, mutum ya koma gida bayan 'yan kwanaki.